Kuka a gaban baƙin allo: me masu zanen zamani ke nema?

Ɗan yayata yana da ƴar rumfa a Zango, nan Damagaram, inda yake rubuta allunan shaguna. Mai aski ya zo a zana masa kawuna, mai shayi ya ce a yi masa buta tana tururi, direban babbar mota ya ce a rubuta masa addu'a a goshin motarsa. Da wannan yake ci yake sha. Amma in dare ya yi ya rufe, akwai wasu kwalaye da yake shafa wa fenti don kansa, waɗanda ba ya nuna wa kowa sai ni. Wata Juma'a bayan la'asar ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani ɗaki ne mai faɗi, babu ado, haske na saukowa daga rufi, ga bencina a tsakiya, ga manya-manyan alluna baƙaƙe rataye a bango.

"Kawu," ya ce, "wai mutane na tasowa daga wata uwa duniya su zauna a nan, wasu har da hawaye. Me suke gani? Ni dai baƙi kawai nake gani."

Na so in ce masa shirme ne mu wuce wurin. Abin da ya hana ni shi ne yadda ya yi tambayar. Ba dariya yake yi ba, so yake ya sani. Kuma na daɗe da lura cewa kwalayen nasa sun fara rasa kawuna da butoci, sai layuka da launi. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar nake bin diddigin maganar.

Ɗakin yana birnin Houston na Amurka, an buɗe shi a 1971. Kusurwa takwas gare shi, alluna 14 ne a ciki, duk aikin mutum ɗaya, Mark Rothko. An haife shi a 1903 a gidan Yahudawa, cikin ƙasar da a lokacin take hannun Rasha, ya yi karatun addininsu yana yaro kafin a tafi da shi Amurka yana ɗan shekara 10. Da ya girma ya yi nisa da ibada, amma zancen ibada bai bar bakinsa ba. Ya taɓa cewa masu kuka a gaban zanensa suna jin irin abin da ya ji na addini sa'ad da yake yin su, kuma wanda haɗin launukan kaɗai ya burge bai gane komai ba. Wasu attajirai mata da miji, iyalan de Menil, su suka ba shi aikin a 1964. Cocin Katolika aka nufa da farko, daga baya ya zama wurin da kowa zai shiga ya zauna shiru, ko wane addini yake bi, ko ma ba ya bin kowane.

Kafin a gane yadda aka kai ga baƙin allo sai an koma baya. Shekaru aru-aru mai zane a Turai ma'aikacin coci ne da fada. Aikinsa ya fito da kamanni: waliyyansu, sarki a kan doki, matar attajiri da sarƙarta. A 1839 aka bayyana na'urar ɗaukar hoto a Faransa, ba a daɗe ba ta ƙwace wannan sana'a daga hannunsa, don abin da zai yi a wata uku ita za ta yi shi kafin shayi ya huce. A daidai lokacin kuma masana'antu suka cika birane, coci ta fara rasa mutane, wasu masu ilimi suka riƙa cewa abin da ba a iya aunawa babu shi. To ƙishirwar ɗan Adam ba ta tafiya don an rufe rijiya. Wata rijiyar zai je nema. Wasu daga cikin masu zane suka ce, tunda na'ura ta karɓi zahiri, mu bari mu nemi baɗini.

Wassily Kandinsky, mutumin Rasha mazaunin Jamus, ya fitar da ɗan littafi a ƙarshen 1911 kan ruhi a cikin fasaha, inda ya kafe cewa launi na taɓa rai kai tsaye kamar yadda sauti ke yi, ba sai an zana mutum ko itace ba. A 1915 Kazimir Malevich ya zana baƙin murabba'i a kan farin yadi, ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, daidai gurbin da Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan ibadarsu a gida. Duk wanda ya shigo ya gane abin da yake nufi. Akwai kuma wata mata a Suwidin, Hilma af Klint, da ta riga su duka. Daga 1906 zuwa 1915 ta yi zane 193 don wani ɗakin ibada da ba a taɓa ginawa ba, ta bar wasiyya kada a nuna su sai bayan shekara 20 da mutuwarta. Ita da ƙawayenta huɗu sukan zauna kiran ruhohi, kuma ta ce su suka sa ta aikin. Bahaushe ya san sunan wannan, don ba mu manta da bori ba, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Abin lura shi ne da aka baje zanenta a gidan baje kolin zane na Guggenheim da ke Niyok daga 2018 zuwa 2019, sama da mutum 600,000 suka je, adadin da gidan bai taɓa gani ba. Mutanen da ake cewa sun gama da gaibu, ga su cikin sanyi suna layi don su kalli abin da mai shi ta ce daga gaibu ya zo.

Shin akwai wani abu na gaske da ke faruwa ga mai kallo, ko ruɗin kai ne? Ina ganin akwai, kuma ana iya bayyana shi. Allunan Rothko sun fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, in ka tsaya dab da su ba ka ganin gefe, sai launi ya rufe ka. Ba shafa ɗaya ya yi musu ba. Fenti ne tsinkakke, a shafa a bari ya bushe a sake shafawa, har sau da yawa, shi ya sa wanda ya yi haƙuri ya zauna sai ya ga baƙin ya fara buɗewa, ja mai duhu da shuni suna tasowa daga ƙarƙashi, gajimare ya gitta a waje su sake kama. Wannan kuwa waya ba ta iya nuna shi, shi ya sa yaron bai ga komai ba. Sannan ga shiru. Mutumin da tun safe hayaniya ke bin sa, ya sami kansa inda babu abin karantawa, babu mai tallata masa komai, idonsa ya rasa abin kamawa, dole ya juyo ya kalli cikinsa. Wanda ya shekara goma bai zauna da kansa ba, ranar da ya zauna zai yi kuka. Wani Ba'amurke, James Turrell, ya ma bar fenti gaba ɗaya. Ɗaki yake ginawa ya huda rufin, mutane su zauna su kalli sama tana sauya launi da faɗuwar rana. Tun 1977 yake sassaƙa cikin wani mataccen dutsen aman wuta a Arizona don wannan manufa. Da na karanta haka sai na tuna tsakar gidanmu a Birni gab da magariba, katanga huɗu da sama a bisa, shamuwa na wucewa, kafin ladan ya ɗaga murya. Na gode wa Allah, kuma na ji kunyar yawan magaribar da na bari ta wuce ni kaina na kan waya.

A nan ne maganar ta juyo gida. Abin da Turai ta ɗauka sabon juyi a farkon ƙarni na 20, wato barin sura a kama layi da launi, mu da shi muka tashi. Saboda hadisan da suka tsananta kan suranta mai rai, hannun Musulmi ya karkata tun da wuri zuwa ga harafi da ƙulli da reshe. Kowa ya ratsa lungunan Birni ya ɗaga kai ya ga fuskokin tsofaffin gidaje: dagi, takobi, da'ira cikin da'ira, layin da ya shiga ya fita ba ka gane farkonsa, duk an fito da su da yatsa a jikin ɗanyar ƙasa, ga zankwaye a sama suna nuni. Maginan da suka yi su ba su sa hannu ba. Dubi aikin dukawanmu a jikin jaka da gafaka, dubi wuyan babbar riga. Sai kuma uwa uba, allon zayyana na ranar sauka.

Akwai wani alaramma a unguwarmu da ke rubuta Alƙur'ani da ka. Na sha zama kusa da buzunsa ina kallo. Alƙalamin gamba ne, shi yake feƙe abinsa da ƴar aska, ya gwada bakin a farcen babban yatsa. Kurtun baƙar tawada na dama, na ja na hagu don wasula, ga ɗan rawaya na hamza. Ba ya taɓa takarda sai da alwala. In ya ja alif, numfashinsa na tsayawa har sai ya kai ƙasa. Sa'a biyu za ta wuce bai ɗaga kai ba, yara na gudu, akuya na kuka, shi yana wani wuri. In ana neman mutumin da aikin hannu ya ɗauke daga duniya, ga shi nan a zaune kan fatar rago. Na kai masa hoton ɗakin, na ce, "Allah gafarta Malam, ga wasu alluna a Amurka da mutane ke zuwa nema wa zuciya natsuwa a gabansu." Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana dubawa, bai raina ba. Sai ya ce, "To yaushe ake wanke su?" Na ce ai ba a wankewa, masu gadi gare su, ko taɓawa ba a yi. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Allon da ba a wankewa, ta ina yaro zai ƙara karatu?"

Wannan tambaya ta fi duk abin da na karanta kama bakin zaren. A tsangaya allo hanya ce. Ana rubutawa, a hardace, a wanke, a wuce gaba, abin da ke jikin itace ya koma cikin ƙirji. Ko allon zayyana da ake adanawa, shaidar shekarun da aka ƙona ne a gaban wutar dare, kuma bayansa akwai malami, akwai salla biyar, akwai jama'ar da za ta ga ko karatun ya gyara halin mai shi. A ɗakin baje koli kuwa mutum na shiga shi kaɗai, ya ji shauƙi, ya fita shi kaɗai. Babu wanda zai ce masa gobe ka dawo da asuba, ko ka mayar da haƙƙin da ka ci. Ni a wurina zane irin wannan zaure ne. Zaure na da daraja: nan baƙo ke sauke kaya, ya sha inuwa, ya kakkaɓe ƙura, idonsa ya huta daga rana. Amma ba a tarewa a zaure. Kuskuren da nake gani a yawancin zancen ruhi na fasahar zamani shi ne an ɗauki sanyin zauren a matsayin isowa.

Ga kuma kasuwa, wadda ba ta barin komai. A watan Mayun 2012 an yi gwanjon wani zanen Rothko mai launin ja da ruwan lemo a Niyok kan dalar Amurka miliyan 86.9, sama da miliyar 40 na sefa ke nan. Abin da mai shi ya so ya zama wurin kuka ya koma ma'ajiyar dukiya. Shi kansa bai ga buɗe ɗakin nan na Houston ba. A Fabrairun 1970, bayan doguwar jinya da ƙuncin rai, ya kashe kansa a ɗakin aikinsa. Ba na kawo wannan don in ci nasarar gardama da gawar mutum ba, ciwon damuwa na kama mai salla ma. Na kawo shi ne don abin na ba ni tausayi: mutumin da ya haƙa wa dubbai wurin hutawa, shi bai samu ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa Musulmi ba shi da abin yi a wannan fage. Hadisi ne ingantacce cewa Allah kyakkyawa ne kuma yana son kyau, kuma kalmar ihsani, wadda aka fassara da ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, tushenta ɗaya da husni, wato kyau. Mutumin da na fi so yaron nan ya sani shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya tafi Landan a shekarun 1950 ya koyo zane irin na Turawa, ya dawo ya baje kolinsa a Khartum, mutanensa suka duba suka wuce, abin bai yi musu magana ba. Maimakon ya ce jahilai ne, sai ya tuhumi kansa. Ya koma ga allon mahaifinsa, ya fara sa haruffan Larabci a cikin zane, ya ga mutane na matsowa. Daga nan ya riƙa buɗe harafin yana duba abin da ke cikinsa da sararin da ke tsakanin harafi da harafi. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. A can ya riƙa zane a ɓoye kan ƴan guntayen takardar buhun siminti, in mai gadi ya tunkaro ya binne su a rairayi. An san shi da yin salla kafin ya fara aiki. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a can.

Abin da ya sa na ce namu ne: shekaru da dama na tsufansa ya yi su yana zana itace guda, wanda Sudanawa ke kira haraz. Gawo ne. Gawon nan dai da ya cika gonaki daga nan har Magarya da Matamai, wanda manya ke ba da labarin tsananin dokar da Sarki Tanimun ya sa a kan sare shi. Kowane manomi ya san halinsa: damina ta sauka kowane itace ya yi ganye, shi ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa ya yi kyau. Rani ya ƙone komai, shi kuma ya yi kore shar, ya ba dabba abinci, ya ba matafiyi inuwa. El-Salahi ya yi ta rage shi, yana cire reshe yana cire ganye, har ya saura layuka miƙaƙƙu tsakanin ƙasa da sama. Wanda ya girma a Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Yana kallo zai tuna mutumin da ke kama bakinsa lokacin da kowa ke ci, ya buɗe hannu lokacin da kowa ya rufe.

Wani likita ɗan Saudiyya, Ahmed Mater, ya ɗora ɗan baƙin maganaɗisu mai siffar Ka'aba a kan farar takarda, ya barbaɗa garin ƙarfe, garin ya jeru a kewaye kamar masu ɗawafi. An nuna shi a baje kolin aikin Hajji na Landan a 2012. Dubawa ɗaya ta isa, duk alhaji ya san wannan jan.

Amma aikin da ya fi girgiza ni na Rachid Koraïchi ne, ɗan Aljeriya daga gidan Sufaye. Ya ga yadda teku ke turo gawarwakin ƴan ci-rani a gaɓar Zarzis ta Tunusiya ana binne su a wulaƙance, sai ya sayi fili da kuɗinsa ya gina musu maƙabarta, aka buɗe ta a watan Yunin 2021. Ya shimfiɗa hanyoyinta da tayil mai zane irin na fada, ya dasa itatuwa masu ƙanshi, ya yi ɗakin addu'a, kowane kabari da alamarsa da abin da aka sani game da mamacin, ko wata rana danginsa za su zo nema. Mu nan wannan ba labarin nesa ba ne. Ba mu manta Oktoban 2013 ba, da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Mai zanen da ya ɗauki gwanintarsa ya suturta irin waɗannan bayin Allah, ya wuce zaure ya shiga cikin gida.

Akwai inda nake jin tsoro, kuma gara in faɗa. Da zarar matasanmu sun gane cewa harafin Larabci da allo na da kasuwa a waje, za a fara yanka ayoyi ana yin ado da su, a karkatar da harafi har ya daina karantuwa, a sayar wa wanda zai rataye shi inda bai dace ba. Na taɓa ganin allon da aka yi don baƙi masu yawon buɗe ido, an dafar da shi da hayaƙi don ya yi kamar tsoho, rubutun cike da kure, wanda ya yi shi ko Fatiha bai iya rubutawa daidai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda zai taɓa harafi ya fara durƙusawa gaban masu shi. Hanyar da ta fi kama hankalina ita ce wadda aka bi a Dandaji ta jihar Tawa, inda Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018, tare da maginan gargajiya na yankin. Yankin nan ne ya fitar da Falke Barmu, maginin masallacin Yama da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Sabon ilimi ya zo ya gaida tsohon hannu, kuma abin da aka gina ana salla a ciki sau biyar a rana.

Da na gama zayyana wa yaron duk wannan, bai ce komai ba sai, "Kawu, gawon ne ban taɓa dubawa da kyau ba." Cikin watan Agusta ya ari babur ya bi hanyar Magarya, ya wuni a gonar wani abokinsa. Bayan kwana biyu ya kawo mini kwali: kore ne shar daga ƙasa har rabi, sai wani siririn layi mai launin toka da ya tashi daga cikinsa ya nufi sama, ya ɗan karkata a ƙarshe. Na kasa rabewa ko itace ne ko alif. Na ce ya kai wa Alaramma ya gani, ya ce a'a, alif ɗinsa bai miƙe ba tukuna. Yanzu bayan sallar asuba can yake zuwa kafin ya buɗe rumfa. Sati uku ke nan, har yau feƙe gamba ake koya masa.